Saƙo Daga Wanda Ka Sani: Muguwar Manhaja, Amana da Alhakin Mai Waya a Kasuwancin Hausawan Ibadan

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda miyagun manhajoji ke bin hanyoyin aika saƙon nan-take, musamman WhatsApp, da irin haɗarin da ke tattare da hakan ga Hausawan Ibadan, tun daga Sabo har kasuwannin ƙaramar hukumar Akinyele. Hujjarta ita ce kasuwancin wannan al'umma ya ginu ne a kan sanayya da bashin baka, kuma sanayyar nan ce masu ƙirƙirar irin waɗannan manhajoji suke hawa su shiga wayoyin mutane. Daga nan takardar ta auna yadda alhaki ya rabu tsakanin mai waya, kamfanonin da suka ƙera ta, da hukumomin da ke sa ido.

Kasuwar da ba ta rubuta bashi

A shekarun 1962 da 1963 wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya tare a Sabon Ibadan, yana nazarin yadda Hausawa suka riƙe cinikin goro da na shanu a tsakiyar ƙasar Yarbawa. Unguwar ta kusa shekara hamsin a lokacin, domin a 1916 aka keɓe ta. Cikin abubuwan da ya tsaya a kansu sosai akwai bashi. A lissafinsa, kusan shanu 75,000 ake sayarwa a kasuwar Ibadan kowace shekara, akasarinsu bashi, ba takarda, ba banki, ba zuwa kotu. Falke ya kawo dabbobinsa daga Arewa ya sauka wurin maigida, dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarbawa, kuɗi su biyo baya. Idan mahauci ya ci bashin, maigida ne ke tsayawa. Saboda haka babban jarin maigida shi ne sanin mutane: wa ke biya a kan lokaci, wa ya fara tangal-tangal, wa za a iya ba sa biyu, wa ko akuya ba za a ba shi ba. Littafin da Cohen ya fitar a 1969, Custom and Politics in Urban Africa, har yau ana karanta shi a jami'o'i saboda wannan bayani.

Yau cinikin ya bazu. Sabo, can kusa da Mokola, ta fi yin suna da 'yan canji. Shanu suna kasuwar Akinyele, babbar mayanka tana ƙauyen Amosun, tumatir da tattasai da albasa suna sauka a Shasha, jirgin ƙasa na Legas yana tsayawa a Moniya tun 2021. Rikicin Shasha na watan Fabrairun 2021, wanda ya ci rayuka da shaguna, ya ƙara warwatsa 'yan gwari, wasu suka koma wajen Iroko a kan hanyar Oyo. Mutanen da a da suke haɗuwa a zaure guda bayan sallar Isha'i yanzu kowa yana nasa gefen gari.

Abin da ya sake haɗa su shi ne waya. Mai kaya a Kano ko Zariya yana turo hoton kwandunan da aka loda da lambar mota. Dillali yana ɗaukar bidiyon sa yana zagaya shi ya tura wa mai saye. Farashin dala yana tashi yana sauka a zaurukan WhatsApp na 'yan canji. Wanda ba ya karatun boko ma ba a bar shi a baya ba, tunda saƙon murya ya raba gardama. Sai ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, ya tilasta wa har dattawan da suka rantse ba za su taɓa ajiya a banki ba buɗe asusu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay. Tun daga nan wayar ɗan kasuwa ta zama ita ce littafin bashinsa, ita ce aljihunsa, ita ce kuma shaidar cewa shi ne shi.

A nan matsalar take. Tsarin Sabo na dā yana aiki ne domin suna ba ya rabuwa da mai shi. Wanda ya ce "ni ne wane" ana kallon fuskarsa. A waya ana iya ɗauke sunan mutum da hotonsa da lambarsa, shi yana can yana barci.

Dabarar da ta girmi WhatsApp

Bin saƙon abokai don yaɗa bairos tsohuwar dabara ce. A 2005 wasu miyagun manhajoji biyu, Bropia da Kelvir, suka addabi masu hira a MSN Messenger. Da zarar sun shiga kwamfutar mutum sai su aika mahaɗi ga duk waɗanda ke cikin jerin abokansa. Kelvir ta kai har kamfanin dillancin labarai na Reuters ya rufe tsarin saƙonninsa na ɗan lokaci a watan Afrilun shekarar. A 2008 Koobface ta yi haka a Facebook. A watan Oktoban 2012 aka ga wata a Skype tana tambayar mutum, da sunan abokinsa, wai wannan ne sabon hotonsa? Wa zai ji an ce ga hotonsa bai duba ba?

Shekarar 2021 ce abin ya tare a wayoyin Android. A watan Janairu Lukas Stefanko na kamfanin tsaro na ESET ya bayyana wata manhaja da ke amsa duk saƙon WhatsApp da ya shigo wayar da ta kama, tana mayar da mahaɗin da ke kai mutum ga jabun manhajar Huawei. A watan Afrilu kamfanin Check Point ya gano FlixOnline a cikin rumbun Google Play, tana alkawarin kallon Netflix kyauta na wata biyu, ita ma tana amsa saƙonni a madadin mai waya. A wannan watan ne kuma wani mai bincike ɗan Indiya, Rajshekhar Rajaharia, ya ja kunne a kan WhatsApp Pink, wadda ta yi ta yawo a zauruka da sunan sabon samfuri mai launin hoda. Babu ɗaya daga cikinsu da ta fasa tsaron WhatsApp ɗin kansa. Izini kawai suka nema, na karanta sanarwar da ke faɗowa a saman waya, mai waya ya danna amincewa, shi ke nan.

Wannan izinin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne mabuɗin kusan komai. Duk saƙon da ya shigo waya yana fara bayyana ne a matsayin sanarwa: gaisuwar aboki, alat na banki, da lambobin sirri na wucin gadi da banki ke turowa kafin a fitar da kuɗi. Manhajar da aka yarje wa karanta sanarwa tana ganin duk waɗannan, tana kuma iya amsawa. Akwai izini na biyu da ya fi wannan haɗari, wanda aka tanada don taimaka wa makafi da masu lalurar hannu. Manhajar da ta same shi tana ganin abin da ke fuskar waya, tana iya danna maɓallai da kanta, tana iya shimfiɗa jabun shafi a kan manhajar banki, mutum ya zuba lambar sirrinsa yana zaton bankinsa yake ba wa. Haka FluBot ta yi aiki. Ta ɓulla a Sifen a ƙarshen 2020 da saƙon cewa ga kayanka sun iso, ta kwashe lambobin da ke cikin kowace waya ta aika musu irin saƙon, har sai da 'yan sandan Holan suka karya lagonta a watan Mayun 2022 cikin aikin haɗin gwiwar ƙasashe 11.

Na baya-bayan nan sun fi sanin halin ɗan Adam. A farkon 2025 kamfanin Kaspersky ya yi bayanin Tria, wadda ke yawo a Malesiya da Burunai ta WhatsApp da Telegram a matsayin katin gayyatar ɗaurin aure. Mutum ya buɗe don ya ga rana da wuri, ashe manhaja ya ɗora. Daga nan a ƙwace asusunsa a fara roƙon kuɗi wurin danginsa, a kuma tura musu irin katin. Duk wanda ya san yawan katunan ɗaurin aure da suna da sanarwar rasuwa da ke ratsa wayar Bahaushe a mako guda zai gane cewa wannan tarko ba ya buƙatar fassara mai yawa kafin ya yi aiki a Ojoo ko Shasha.

Ƙofofin da ke buɗe a kasuwa

Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗi a kan FluBot a watan Oktoban 2021, ta biyo da na AbstractEmu, sannan na Xenomorph a 2022. Gargaɗin yana da kyau, sai dai Xenomorph a lokacin bankunan Turai 56 ta sa a gaba. Abin da ya fi kusa da ɗan kasuwar Akinyele yana cikin aljihunsa tuntuni, kuma da hannunsa ya sa aka ɗora masa.

Ana nufin GBWhatsApp da 'yan uwanta, FMWhatsApp da YoWhatsApp. Waɗannan kwaikwayon WhatsApp ne da wasu suka farke suka yi wa ƙari, ba sa cikin Google Play, hannu da hannu suke yawo. Wani binciken Caribou Data da aka buga a 2020, wanda ya duba yadda ake amfani da manhajoji a Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu, ya nuna ana buɗe GBWhatsApp fiye da yadda ake buɗe Facebook. Dalilin son ta ba ɓoyayye ba ne, kuma ba wauta ba ce. Tana bari mutum ya ɓoye cewa yana kan layi ko ya karanta saƙo, abin da wanda ake bi bashi ke matuƙar so. Tana nuna saƙon da aka goge, abin da mai bin bashi ke matuƙar so. Tana bari a sa lamba ta biyu a waya ɗaya, ta gida daban ta kasuwa daban.

Kuɗin wannan jin daɗi ya bayyana a watan Agustan 2021, lokacin da Kaspersky ya sami bairos ɗin Triada a cikin wani samfurin FMWhatsApp. Tana karanta saƙonnin tes, tana yi wa mai waya rajistar wasu hidimomi na kuɗi ba da saninsa ba, tana kuma jawo wasu miyagun manhajojin su shigo. A watan Oktoban 2022 aka sake samun ta a YoWhatsApp, wannan karon tana satar mabuɗan da ke ba da damar sarrafa asusun mutum daga wata na'urar. A cikin watan ne kamfanin Meta, mai WhatsApp, ya kai ƙarar wasu kamfanonin Asiya masu yin irin wannan kwaikwayo, yana zargin su da sace asusu fiye da miliyan ɗaya. Mutumin da ya ɗora irin wannan manhaja ya miƙa wa wanda bai sani ba hirarsa da abokan cinikinsa gaba ɗaya, har da lambobin asusun banki da hotunan rasit.

Yadda take shiga waya ma abin lura ne. Ba kowa ke sauke manhaja daga intanet da kansa ba, saboda tsadar data da kuma rashin sabo. Ana kai wayar ne wurin yaron da ke caji da tura waƙoƙi da finafinai da wa'azi, ko wurin mai gyara, ko aboki ya tura ta manhajar Xender. Rumfa ɗaya tana iya zuba kwafi ɗaya na manhaja a wayoyi da yawa a yini, kuma shi kansa mai rumfar bai san abin da ke cikinta ba. Daga baya manhajar ta ce ta tsufa, a danna nan a sabunta, ta kai mutum wani shafin da ba wanda ya san mai shi.

Ƙofa ta biyu ita ce manhajojin ba da rance. Suna tallata kansu ta tes da kafofin sada zumunta, suna ba da 'yan dubbai cikin mintuna, amma kafin nan sun karɓi izinin kwashe duk lambobin da ke cikin waya. Ranar da aka makara biya, sai surukai da malamai da abokan ciniki su fara samun saƙo a WhatsApp cewa wane ɓarawo ne, wani lokaci har da hotonsa, wani lokaci ma da sanarwar mutuwarsa alhali yana raye. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a kan irin wannan keta sirri. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Ikeja. Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen Mayun 2023, duk da haka a watan Disambar shekarar ESET ya lissafa guda 18 da aka sauke fiye da sau miliyan 12, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suke farauta. Ga ma'aikacin gwamnati wannan abin kunya ne. Ga dillalin da ba shi da jarin da ya wuce a ce "wane ba ya cin amana", wannan karayar arziki ce.

Ƙofa ta uku ba ta ma buƙatar manhaja, amma hanyarsu ɗaya kuma sakamakonsu ɗaya. Wani ya shiga zaure, ya kwashi lambobin mambobi, ya kira ɗaya bayan ɗaya da ladabi: "Alhaji, barka da war haka, daga ƙungiya ne, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lambobi shida, karanto min in sa sunanka." Lambobin nan su ne na rajistar WhatsApp. Da an karanta, asusun ya koma wata wayar. Kafin Alhaji ya gane dalilin da ya sa WhatsApp ɗinsa ya fita, ƙannensa da yaransa na kasuwa sun samu saƙo cewa manhajar bankinsa ta ƙi aiki, a taimaka a tura dubu ɗari biyu zuwa wannan asusun, zai mayar da yamma. A kasuwar da aka saba tura kuɗi a kan kalma ɗaya ta babba, ƙaramin da zai tsaya tambaya sai ya ji kamar ya yi rashin kunya. Alƙaluman NIBSS, cibiyar da ke daidaita hada-hadar bankunan Najeriya, sun nuna asarar da aka yi ta zamba ta tashi daga naira biliyan 17.67 a 2023 zuwa biliyan 52.26 a 2024, kuma rahotannin cibiyar sun sha nuna cewa yaudarar mutum ya ba da sirrinsa da bakinsa ita ce dabarar da ta fi yawa.

Inda ba laifin mai waya

Bankuna da kamfanonin sadarwa suna son a ce sakacin mai waya ne, domin da an faɗi haka an wanke su. Akwai misalai biyu da suka isa su rage wa wannan magana ƙarfi.

A watan Mayun 2019 WhatsApp ya gano cewa ana amfani da wata ɓaraka a tsarin kiransa ana dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, a wayoyin mutane kusan 1,400. Kira kawai ake yi, ko ba a ɗaga ba ta shiga. Cikin waɗanda aka hara har da malaman coci da 'yan adawa a Togo, ciki da Bishop Benoît Alowonou na Kpalimé. Babu mahaɗin da suka danna, babu lambar da suka karanta wa kowa. Pegasus ba ta neman mai tumatir, kuɗinta ya fi ƙarfin haka, amma ta tabbatar da cewa akwai harin da taka-tsantsan ba ya tarewa, sai gyara daga kamfani.

Misali na biyu ya fi kusa da gida. A watan Agustan 2020 sashen Secure-D na kamfanin Upstream ya bayyana cewa an sami Triada a cikin wayoyi 53,000 ƙirar Tecno W2 da aka sayar a Habasha da Masar da Afirka ta Kudu da Gana da Kamaru. Da ita aka fito da su daga kwali. Tana cinye data, tana ƙoƙarin yi wa mutane rajistar hidimomin kuɗi, kuma ko an goge komai an mayar da wayar yadda ta zo, abin yana dawowa. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kayan haɗi ya kuma fitar da gyara. Talakan da ya tara kuɗi ya sayi sabuwar waya mai araha, me ya yi da za a kira sakaci?

Ga kuma maganar harshe. Gargaɗin NCC da na ngCERT, cibiyar da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da Turanci suke fitowa, Turancin ma na ƙwararru, a shafukan intanet da jaridu. Bahaushen Ibadan yana jin Hausa, yana jin Yarbanci, da yawa suna karanta ajami da Larabci, amma akwatin da ke tambayarsa ko ya yarda wata manhaja ta karanta sanarwarsa galibi ba da ɗaya daga cikin waɗannan yake masa magana ba. Amincewar da aka karɓa daga wanda bai fahimci tambayar ba, da wuya a kira ta amincewa. Mataki mafi amfani da aka ɗauka a 'yan shekarun nan bai dogara da karatun kowa ba: a 2024 Google ya faɗaɗa wani tsarin kariya na Play Protect zuwa wasu ƙasashe, da Najeriya a ciki, wanda ke hana ɗora manhajar da ta zo ta saƙo ko ta shafin intanet idan tana neman izinin karanta tes ko sanarwa ko sarrafa fuskar waya.

Doka ma ta san wannan bambanci. Sashe na 32 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan ɗaya, ko duka biyun, ga wanda ya yaɗa bairos da gangan ya yi ɓarna. Mai niyya take nema. Wanda ya tura wa zaure mahaɗin "tallafin gwamnati" ko "data kyauta" da kyakkyawar zuciya ba shi dokar ta dosa ba, ko da yake ta hannunsa abin ya wuce.

Rabon mai waya

Duk da haka mai waya yana da nasa kason, kuma wannan takarda tana ganin an daɗe ana bayyana kason nan a karkace. Ana ce wa mutum ya kula don kada a sace masa kuɗi. Mutane da yawa suna amsawa da cewa ai ba komai a asusunsu, ɓarawo ya shiga ya ga wayam. Amma muguwar manhajar saƙo ba asusunsa kaɗai take so ba. Sunansa take so, da lambobi ɗari biyar da ke cikin wayarsa, da zaurukan da yake ciki, waɗanda kowannensu zai iya ɗaukar mutum 1,024. Mutanen kara sun san hukuncin wanda ya shigo da saniya mai ciwon huhu cikin garke: asarar ba tasa kaɗai ba ce, kuma ba a karɓar uzurin cewa dabbar ba ta da tsada. Alhakin mai waya na wannan irin ne, haƙƙin mutanen da suka ba shi lambarsu ne a wuyansa.

Idan aka kalle shi haka, abubuwan da ake nema daga gare shi ba su da yawa, kuma ba sa buƙatar boko. Tun watan Fabrairun 2017 WhatsApp ya sa tsarin tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar sirri ta dindindin da mutum zai zaɓa da kansa. Wanda ya sa ta, ko an yaudare shi ya karanta lambobi shidan nan, ɓarawo zai tarar da wata ƙofar a kulle. Aikin minti biyu ne. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da apk manhaja ce, ba kati ba ne, ba rasit ba ne, ba hoto ba ne, ko daga wa ya fito. Akwai kuma wurin da ke nuna na'urorin da aka haɗa da asusun mutum, inda har huɗu za su iya karanta hirarsa a lokaci guda. Wanda ya bar wayarsa a rumfar caji daga safe zuwa azahar ba tare da kulle ba ya kamata ya leƙa wurin. Sauran kuwa al'ada ce kawai: saƙon neman kuɗi, ko na babban yaya ne, a bi shi da kira ta layin waya a ji murya, a kuma yi tambayar da mai amsar kaɗai ya sani.

Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, domin kunya ce ke hana shi, kuma ƙarami ba zai iya cire ta shi kaɗai ba. Sai manya sun faɗa da bakinsu, a gaban yaransu, cewa duk wanda ya ga saƙon kuɗi da sunansu ya kira tukuna, ba za su ɗauka raini ba.

Shi ya sa maganar ta koma kan shugabanni. Aikin da maigida yake yi a zamanin Cohen, na tantance baƙo da tsaya masa, yau ya faɗa hannun admin na zaure, wanda galibi matashi ne da aka ba saboda ya iya waya, ba don yana da ta cewa ba. WhatsApp ya ba shi kayan aiki: yana iya hana kowa shiga sai da amincewarsa, yana iya sauya mahaɗin gayyata idan ya yi yawo da yawa, yana iya goge saƙon wani daga wayar kowa, yana iya rufe zaure ya zama shugabanni kaɗai ke magana. Abin da ba shi da shi shi ne ikon cire Alhaji daga zaure na kwana biyu idan wayar Alhaji ta fara tura abin da ba a gane ba. Wannan iko sai sarakunan Hausawa na Sabo da Shasha, da ƙungiyoyin 'yan shanu da 'yan gwari da 'yan canji, sun ba shi a fili. Haka masu rumfunan caji da gyara: su ne ƙofar da manhajoji ke bi su shiga kasuwa, kuma horar da ashirin daga cikinsu su daina ɗora kwaikwayon WhatsApp zai kai inda takardar sanarwa ba ta kaiwa. Gargaɗin kuma a yi shi yadda kasuwar ke magana, saƙon murya na minti ɗaya da Hausa da Yarbanci, daga muryar da aka sani, tare da tunatarwa a masallaci bayan Juma'a.

Idan abin ya riga ya faru, jerin abin yi yana da muhimmanci, kuma mutane da yawa suna farawa ta inda bai dace ba, suna zagayen neman wanda zai "dawo da WhatsApp" alhali ana can ana karɓar kuɗi da sunansu. Farko a sanar da jama'a ta kiran waya da ta bakin shugabannin zauruka. Sai banki, a rufe asusu ko a dakatar da kati. Yawancin bankuna suna da lambar USSD ta yin haka daga kowace waya. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kai ƙorafi bankinsa nan take da lambar hada-hadar, domin kuɗin zamba ba sa daɗewa a asusun farko kafin a rarraba su. Sannan a sake rajistar WhatsApp na asali da layin mai shi. Da zarar ya sa sabbin lambobi shida da za a turo masa, an fitar da ɓarawon daga asusun. Idan ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin ta mataki biyu, mai asusu zai jira kwana bakwai kafin ya shiga, amma a cikin kwanakin nan shi ma ɓarawon ba ya ciki. Wayar da ake zargin manhaja ce ta kama ta, a kashe mata data, a kwashe hotuna da lambobi, a goge ta gaba ɗaya, kuma a sauya lambobin sirrin banki daga wata wayar daban kafin a sake kunna ta.